Baƙi Sun Ce Ga Su Nan Tafe: Yadda Ake Haɗa Walimar Kayan Ƙwalama Cikin Awa Uku a Zariya

Tun ranar da ƙanwata ta gama jarrabawarta ta ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello, ta kwaso mini ƙawayenta daga Samaru suka yi mini dirar mikiya, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: wai yaya aka yi? Ƙarfe 2:30 ta bugo waya, "Yaya, don Allah ki rufa mini asiri, na ce musu su zo gidanki." Ƙarfe 5:30 an zauna ana santi. Wasu sun ɗauka masu girkin biki na kira. Ko kusa. Abu kaɗan na soya da hannuna, sauran duk saye ne da yanka. Abin da ya fisshe ni shi ne sanin wanne ake fara ɗorawa, wanne ake bari sai ƙarshe.

Lissafin da ke ƙasa na mutum 12 ne. Ba shinkafa, ba tuwo, ba miya. Kayan ƙwalama zalla, irin wanda ake ɗauka da yatsu ko da tsinke.

1. Minti goma na farko: zauna tukuna

Kada ki zabura ki nufi kicin. Sauri ya haifi nawa. Ki sake kiran wanda ya gayyato baƙin ki tambaye shi: su nawa ne, maza ne ko mata ko gauraye, da yara ko babu, ƙarfe nawa za su iso, kuma akwai mai ciwon suga ko wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa?

Duk adadin da aka faɗa miki, ki ƙara kashi ɗaya cikin uku. Na taɓa tsare maigidana na ce, "Malam, tsakani da Allah su nawa ne?" Ya ce ba su fi shida ba. Tara suka shigo, ga direba a waje.

Daga nan ki tsayar da abin da za a ci. Tsarina shi ne saye biyu, suya biyu, yanka ɗaya, abin sha ɗaya. Saye: tsire ko balangu, da awara, ita sai dai ki soya ta a gida. Suya: fanke, da ƙundun kaza haɗe da agada, wato filanten. Yanka: kankana da abarba da kokwamba. Abin sha: zoɓo, sai ruwa mai sanyi.

Gargaɗi: akwai abubuwan da ba a taɓa su a ranar gaggawa. Ƙosai yana son surfe da wanki da zuwa inji. Masa sai an jiƙa shinkafa an bar ƙullu ya tashi, wani lokaci har kwana. Kunun aya ma sai aya ta jiƙu, kuma ba ya jure zafi. Samosa in ba ki da ɓawonta a ajiye, murzawa da naɗewa kaɗai za su cinye awa biyu. In ranki na son ɗaya daga cikinsu, saya za ki yi. Sannan girkin da kika gani jiya a waya ba ki taɓa gwadawa ba, ba yau ce ranarsa ba.

2. Raba kuɗin kafin su fita daga hannunki

Farashi a kasuwa yau daban gobe daban, saboda haka da abin da ke hannunki za ki yi lissafi. Ki kasa shi goma. Huɗu na nama, wato tsire da ƙundu. Biyu na mai da fulawa da yis da sukari da awara da agada. Biyu na kayan marmari da zoɓo da kayan miya. Ɗaya na kofunan roba da tsinken sakace da tishu da ƙanƙara. Ɗayan da ya rage kuɗin mota ne da abin da aka manta, don dole a manta wani abu. Misali in naira 30,000 gare ki, nama ya tashi da 12,000, kashi biyun da ke biye 6,000 kowanne, na ƙarshe biyu 3,000 kowanne.

In kuɗin ba su kai ba, nama za ki rage, ki ƙara awara da dafaffen ƙwai. Awarar da ta sha jajjage da albasa ba ta taɓa ba mai gida kunya ba.

Gargaɗi: ki ba ɗan aike tsabar kuɗi. Mai awara da mai kankana ba kowa ke karɓar tiransifa ba, in kuma netwok ya tsaya, yaro zai yi minti ashirin a gaban mai POS yana kallon waya.

3. Ɗan aike ya fita kafin ki taɓa komai

Shi ne abin da ya fi cin lokaci, shi ya sa yake gaba. Ki rubuta masa a takarda ko ki tura masa ta WhatsApp, kada ki dogara da "na ji". Ƙundu kilo 1, agada nunanna guda 5, awara wadda ba a soya ba yanka 30, kankana 1, abarba 1, kokwamba 3, attaruhu da tattasai da albasa, man gyaɗa lita 2, ƙwai 6 na ko-ta-kwana, ƙanƙara, kofuna, tsinke, tishu.

Kasuwar da ta fi kusa da ke ita ce kasuwarki yau. Na Samaru da Hayin Dogo su tsaya kasuwar Samaru. Na Gyallesu da Kongo da Tudun Jukun su shiga ta Tudun Wada. Na Muciya da Cikaji ga ta Sabon Gari nan kusa, na cikin ganuwa kuma ga kasuwar birni. Kada ki tura yaro daga Samaru zuwa Sabon Gari wai don kankana ta fi araha. Abin da kika rage zai tafi a kuɗin Keke, ga cunkoson Kwangila da na PZ. Da rani ma ba sai an wahala ba, kayan lambun fadamun Galma suna cika ko'ina.

Tsire kuwa aike na biyu ne, ba yanzu ba. In kina da lambar mai naman unguwarku ki kira shi tun yanzu ya ware miki, a je ɗauka saura minti 45 baƙi su iso. Ki ce masa, "Malam, yaji daban, albasa da kabeji daban, kada a haɗe mini a takarda ɗaya." In an haɗe, kafin a iso gida albasa ta saki ruwa, naman ya yi laɓo-laɓo. Galibin masu tsire sai yamma suke kafa wuta, don haka in baƙinki na rana ne, balangu za ki nema.

Gargaɗi: ranar Juma'a kada ki aiki kowa daf da lokacin masallaci, ba mai sayarwa, ba hanya. Ranar Lahadi kuma shaguna da yawa a Sabon Gari a rufe suke.

4. Kwaɓin fanke

Yaro na fita, ki ɗauko roba mai faɗi. Fulawa kofi 4, kimanin rabin kilo ke nan. Yis cokali 1 babba. Sukari rabin kofi. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Ruwan ɗumi kofi 2 saura kaɗan. In kina da gyaɗar ƙamshi ki goga kaɗan.

Ki fara zuba yis ɗin a rabin kofin ruwan ɗumi da ɗan sukari, ki ba shi minti biyar zuwa goma. In ya yi kumfa yana da rai. In ya kwanta shiru kamar ruwan randa, ya mutu, ki aika kantin kusa a sayo sabo. Wannan ɗan gwajin ya fi ki jira awa guda ki buɗe roba ki tarar da kwaɓi yadda kika bar shi.

Ki haɗa duka, ki buga da hannu na minti huɗu ko biyar har ya yi danƙo, in kin ɗebo ya riƙa saukowa a hankali yana ja. Ya fi kunu kauri, bai kai kwaɓin burodi ba. Ki rufe da leda ko murfi, ki ajiye wuri mai ɗumi. Minti 45 zuwa awa 1 zai ninka. Wannan awon yana ba da ƙananan fanke wajen 35 zuwa 40, kowa ya samu uku.

Gargaɗi: ruwan zafi yana kashe yis. Ki tsoma yatsa, in ba za ki iya barinsa ciki ba, ya yi yawa. Sannan sanyin Zariya a Disamba da Janairu ba na wasa ba ne, kwaɓi yakan yi taurin kai. Ki dasa robar cikin bahon ruwan ɗumi, ko ki ajiye ta kusa da tukunyar zoɓo.

5. Zoɓo, da dabarar sanyaya shi

Busasshen zoɓo kofi 2 yana yin lita 4. Ki ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi, da sauri, don yashi ya fita launi bai bi ruwa ba. Ga dabarar: kada ki dafa da lita huɗun duka. Ki dafa da lita 2 kacal, da dakakkiyar citta, in kin samu irin ta Kaciya mai yajin nan ta fi, da kanumfari kamar ƙwaya goma. Ya tafasa minti 15, ki tace, ki zuba sukari tun da zafinsa don ya narke, sannan ki sirka da lita 2 na ruwan sha mai sanyi. Nan take ya huce. Wadda ta dafa tukunya cike za ta yi ta fifita har baƙi su yi sallama.

Kafin ki sa sukari ki ɗebi jog ɗaya ki ajiye gefe saboda dattawa da masu ciwon suga. Sauran ki ɗura a robobi masu murfi, ki jera a kula, ƙanƙara na zuwa ki zube a kai.

Gargaɗi: ƙanƙarar saye a bayan roba take aiki, ba a jefa ta cikin abin sha, don ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Masu juna biyu da yawa suna kauce wa zoɓo, ki tanadi ruwa ko lemon kwalba biyu saboda su.

6. Gyaran wuri

Falo, bayi, da hanyar da za a bi. Shi ke nan. Sauran ɗakuna ki ja ƙofa. A share, a shimfiɗa ledar cin abinci, a cika buta, a ajiye sabulu da ruwa a bayi, a fito da dardumar salla tunda magariba za ta riske su. Turaren wuta sai an gama suya, in ba haka ba ƙaurin mai zai cinye shi.

In maza da mata ne, wuri biyu za ki shirya, kuma tun daga kicin ki raba komai biyu. Abin da ba ki da shi ki leƙa maƙwabta: "Hajiya, a taimaka mini da tire biyu da kula, baƙi suka faɗo mini." Ki ɗaura zare ko ki manna wani abu a gindin kayan aro don kada su ɓace cikin naki.

Gargaɗi: ki sa fitilu a caji tun da wuta. In za a tayar da janareta, a tsakar gida ko waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri, ba ya kuma sallama.

7. Ƙundu ya hau wuta

Ɗan aike na dawowa, wajen 3:30 ke nan, ƙundu ne farko. Ki duba ko an ɓare fatar nan rawaya ta ciki, in da saura ki cire, ita ke sa ɗaci. Ki wanke sosai, ki raba kowanne biyu ko uku, ki ɗora da albasa da citta da tafarnuwa da magi da gishiri, ruwa daidai kansa. Minti 25 zuwa 30 ya yi laushi. Yana kan wuta ki jajjaga tattasai 4 da attaruhu 3 da albasa 1, ki yanka wata albasar 2 a tsaye, ki yanka agada ƙanana kamar kan yatsa, ki zube awara a kwando ta tsane.

Nan la'asar za ta same ki. Ki yi sallarki kafin ki ɗora mai. Ƙundu zai jira ki a kan wuta kaɗan, mai ba ya jiran kowa.

8. Suya: kasko ɗaya, mai ɗaya, bi da bi

Nan ne yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Jerin shi ne fanke, agada, awara, sannan ƙundu. Dalili kuwa, mai yana ɗaukar ƙamshin abin da ya shiga cikinsa ya kai wa na baya. In kin fara da ƙundu, fankenki zai fito da ƙarnin kaza da baƙin ɗigo-ɗigo a jiki.

Man kada ya wuce rabin kasko, amma ya yi zurfin da fanke zai yi iyo. Ki gwada da ɗan gutsuren kwaɓi: in ya nutse ya taso cikin daƙiƙa biyu ko uku yana 'yan tafasa, ya yi. In ya zauna a ƙasa, mai bai yi zafi ba, fanke zai sha shi ya yi nauyi. In ya yi ja nan take, wuta ta yi yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye. Ki jiƙa hannu da ruwa, ki ɗebo kwaɓi, ki matso shi ta tsakanin babban yatsa da manuni ya faɗa a mulmule. Wadda hannunta bai saba ba ta yi da cokali biyu, ba wanda zai tambaye ta. Takwas zuwa goma a zubi ɗaya, kina juyawa, minti uku zuwa huɗu sun yi. Zubi huɗu kin gama.

Agada ba ta ɗaukar lokaci, tana yin ruwan zuma ki kwashe. Awara ki bari sai gefenta ya yi ƙarfi kafin ki juya, in kin matsa mata za ta farfashe. Ƙundu minti uku ya ishe shi, ya daɗe zai koma kamar roba.

Duk abin da kika kwashe ki zuba a kwando da aka shimfiɗa wa tishun kicin ko farar takarda, ki bar shi a buɗe. Ni na taɓa juye fanke mai zafi a kula na danne murfi wai kada ya huce. Da na buɗe gaban surukata, ya yi gumi ya lanƙwame, sai ka ce an tsamo shi daga ruwa. Ba ta ce komai ba, ɗaya ta ɗauka ta ce Allah ya yi albarka, ni dai na san abin da na gani a fuskarta.

Gargaɗi: awara da ƙundu suna da ruwa, in ba su tsane ba mai zai yi tsalle ya same ki a hannu ko fuska. Ki ɗaure mayafi ko ki cire hijabi mai lilo kafin ki tsaya gaban wuta, yara kuma su bar kicin. In mai ya kama da wuta, kashe gas, rufe kaskon da murfin ƙarfe. Ruwa ko ɗigo kada ki zuba. Jarida ma ba a tsane abinci a kanta, tawada tana bin mai.

An gama suya, ki rage mai ya saura kamar cokali huɗu, ki soya albasa, ki zuba jajjage har ruwansa ya ƙone, ki sa magi da ɗan romon ƙundun. Ki raba biyu: rabi ki juya awara a ciki, rabi ƙundu. Agada sai za a kai gaban baƙi ake haɗa ta da ƙundu, in ta daɗe a ciki takan dame. Yaji ya zama tsaka-tsaki, mai son ƙari ga na mai tsire a gefe.

9. Yanka

Saura rabin awa. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen ƙundu a wanke su da sabulu tukuna, ko a canja. A wanke bayan kankana da abarba kafin wuƙa ta shiga, kokwamba da kabejin mai tsire a ɗauraye da ruwan gishiri. A yanka daidai loma, a soka tsinke. Rake kuwa, ko na Maƙarfi ne mai zaƙin nan, kada ki kawo shi falo, sai kin kwana kina tsintar tuƙa a kafet.

10. Wanka, sannan jere

Saura minti 20 ki ajiye komai ki shiga wanka. Uwar gidan da ta tarbi baƙi da ƙaurin mai da gumi, hankalinsu ba ya kwanciya, sai su yi ta "sannu, mun sa ki wahala". Ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wajen jere, ƙananan faranti da aka cika sun fi babban tire da abinci ya rakuɓe a tsakiyarsa. Kuma kada ki fito da komai lokaci ɗaya. Kashi biyu cikin uku ya fita, ɗaya ya zauna a kicin saboda masu zuwa a makare, waɗanda sau da yawa su ne manyan. Ruwa da zoɓo su fara isa, sai masu yaji da nama, fanke da kayan marmari su biyo baya. Tsire in ya huce ki juya shi minti biyu a busasshen kasko, ki ƙara yayyanka shi ƙanana, ya fi auki.

Yara a yi musu farantinsu daban a wuri daban, a cire musu tsinke. In an haɗa su da manya, kafin a gama gaisuwa nama ya tashi. Direba da mai gadi a kai musu nasu tun farko.

Gargaɗi: yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yinsa, naman ma da shi ake shafe shi. In an ce miki wani ba ya cin gyaɗa, ki faɗa masa da bakinki, ki kuma gaya masa da man gyaɗa aka yi suyar.

11. In lissafi ya ƙwace

Mutane sun ninka: dafa ƙwan nan shida minti 10, ɓare, raba huɗu-huɗu, barbaɗa yaji. A aika kanti a sayo burodi da kifin gwangwani, a murƙushe da albasa, a shafa, a yanka ƙanana. Gugguru da soyayyar gyaɗa da dabino ma suna cika wuri.

Fanke ya ƙi tashi kuma lokaci ya tafi: zuba hodar tashin kwaɓi, wato baking powder, ƙaramin cokali biyu da ƙwai ɗaya, buga, soya haka nan. Ba zai yi laushin na yis ba, amma zai ciwu. Gishiri ya zarce a ƙundu: ƙara soyayyar albasa da tattasai ba tare da magi ba. Gas ya ƙare ana tsaka da suya: kurfoti da gawayi, shi ya sa ba na yarda gidana ya rasa gawayi ko na leda ɗaya.

12. Bayan an watse

Abin da ke da nama ko jajjage kada ya wuce awa 2 a waje, balle da zafin Maris da Afrilu. In babu tabbacin wuta ga firij, kada ki yi ajiya. Ki ƙulla wa baƙi a leda su kai wa na gida, sauran a miƙa wa maƙwabta da almajiran ƙofar gida tun da ɗuminsa. Kankanar da aka yanka ba ta kwana. Zoɓon da ya rage in ba sanyi, gobe da rana zai fara tsami yana kumbura roba.

Man suya ki bari ya huce, ki tace da rariya mai laushi, ki ɗura a kwalba daban. Tunda ƙundu ya shiga, na miya ne yanzu, kada ki mayar da shi cikin sabo. Tiren Hajiya da kularta kuwa a wanke a goge a mayar a daren, da fanke biyar ko shida da 'yar awara a rufe a ciki.